Waris Dirie: Daga Kiwon Raƙuma Zuwa Rubuta Littafi

An haifi Waris Dirie a Somaliya a 1965, cikin makiyaya. Tana ƴar shekara 13 mahaifinta ya so aurar da ita ga wani tsoho kan raƙuma biyar, sai ta gudu.

A Landan ta yi aikatau, daga baya ta yi suna wajen tallar tufafi. A 1998 ta fitar da littafinta Desert Flower, inda ta bayyana kaciyar da aka yi mata tana ƙarama. Yanzu uwa ce mai ƴaƴa biyu.

A Nijar, ƴan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin shekara 18. Iyaye mata na kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, a bar yarinya ta yi karatu tukuna.