Ko Ka Sani? Gara Manomiya Ce, Kuma Inshorar Gini Ba Ta Biyan Ɓarnarta

Inshorar gini yarjejeniya ce da mai gini ko ɗan kwangila kan ƙulla da kamfani, ya biya wani kuɗi, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin asarar da gobara ko ambaliya ko guguwa za ta jawo tun daga haƙa harsashi har ranar miƙa makulli, ko a tsawon lokacin gyara. A Nijar harkar tana bin dokokin CIMA, wato ƙungiyar kasuwannin inshora da yarjejeniyar Yawunde ta 1992 ta kafa. Sai dai galibin irin waɗannan takardu ba sa ɗaukar ɓarnar gara, domin inshora tana biyan abin da ya auku farat ɗaya ne, ita kuwa gara a hankali take cin azara da katako, ta rarake ciki ta bar bayan lafiya lau, har ranar da rufi zai rufta.

A yanki irin Alakoss da ke gundumar Gure ta jihar Damagaram, inda akasarin gidaje na laka ne kuma rumbuna na kara da itace, wannan ƙwaro ya fi kowace takarda kusa da magini, shi ya sa tun kaka da kakanni ake neman azarar giginya saboda taurinta.

Abin mamakin shi ne, garar da ke gina manyan suri a ƙasar Hausa, wadda masana ke kira Macrotermes, ba ta iya narkar da itace ita kaɗai, don haka noma take yi. Ma'aikatanta kan tattauna itace da kara da busasshiyar ciyawa, su kai cikin suri su kasayar da su, su gina wasu dunƙule masu ramuka kamar saƙar zuma, sannan wani naman gwari mai suna Termitomyces ya tsiro a kai, ya ruɓar da abin har ya zama abincin da cikin gara zai karɓa. Ashe azarar da ta ɓace daga soro taki ce aka kai gona, kamar yadda manomi ke kwashe takin turke zuwa gonar gero kafin damina. Ramukan surin kuwa su ke daidaita iska da laima da zafi, domin wannan shuka ba ta jure rana ko bushewa. An tono burbushin irin waɗannan gonaki a yankin Rukwa na Tanzaniya masu shekara kusan miliyan 25, alhali noman ɗan Adam bai wuce shekara 12,000 ba.

A tsakiyar gonar da ke cikin suri sarauniyar gara take kwance cikin ɗakin laka da ba ta iya fita daga cikinsa, cikinta ya kumbura ya kai tsawon yatsa, tana saka ƙwai da kan kai 20,000 a rana, kuma takan yi fiye da shekara 10 a haka. Saboda haka rushe kan suri ba ya kawar da gara muddin tana raye. Wajibi ne magini ya duba filin tun kafin a aza tubalin farko, ya ɗaga katako daga ƙasa, ya kwashe kututture da guntayen itace daga harsashi, domin kuɗin wannan ɓarna daga aljihun mai gida zai fito.