Ƙidayar Najeriya: Yadda littafi kan ɓatar da mai bincike

A Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, da wuya a rasa ma'aikacin da ke haɗa aiki da karatun digiri na biyu, ko hadimin da aka ce ya kawo jawabin maigida kafin a tashi. Sau da yawa dukkansu adadi guda suke nema, wato yawan mutanen Najeriya. Sai a jawo littafin da ya fi kusa, a kwafe abin da aka gani, a ɗauka tunda bugagge ne an tsira.

Tarihin ƙidayar ƙasar nan ya isa ya sa mutum ya yi hattara. An soke ƙidayar 1962 saboda taƙaddama, aka sake wata a 1963 wadda ta ba da miliyan 55.6, alhali shekara goma kafin nan kimanin miliyan 30 aka samu. Ta 1973 kuwa ta ba da sakamakon wucin gadi na miliyan 79.8, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke shi a 1975. Amma soke sakamako ba ya goge tawada. Littattafan da aka buga a tsakanin nan suna nan a kan kanta da wannan adadi, babu wata alama a jikinsu da za ta gargaɗi ɗalibi. Wanda ya jera shi da miliyan 88.9 na 1991 zai ƙarasa da cewa mutum miliyan 9 kacal ƙasar ta ƙaru da su cikin shekara 18, ya kuma gina babi guda a kan tubalin toka.

Tun bayan ƙidayar 2006, wadda ta ba da miliyan 140.4, ba a sake ƙirga kowa ba. Wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Ke nan duk littafin da ya ce mun haura miliyan 200 hasashe ya kawo. Hasashe ba laifi ba ne, gwamnati ma da shi take tsara aiki. Laifin marubuci shi ne ya ƙi faɗin cewa hasashe ne, da wanda ya yi shi, da kuma saurin ƙaruwar da aka ɗora lissafin a kai. A teburin gyaran labarai, irin wannan jimlar ce muka fi mayar wa mai ita.

Wani lokacin ma littattafai biyu kan saɓa, kuma kowanne da gaskiyarsa. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, girman tattalin arzikin 2013 ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa 510. Wanda bai duba shekarar bugu ba sai ya zaci ɗayansu ƙarya yake yi.

Kada kuma lambar ISBN da ke bayan bango ta ruɗi kowa. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da ita don shaida littafi, ba don tantance abin da ke cikinsa ba. Mai buga aikinsa da kuɗin aljihunsa yana samunta, kamar yadda maɗaba'ar jami'a ke samu bayan masana sun tace rubutu. Abin dubawa yana ƙasan shafi: idan marubuci ya ambaci rahoton Hukumar Ƙidaya, a nemo rahoton a gwada, idan wani littafin ya ambata, a bi sawun wancan ɗin har a ga inda adadin ya samo asali.