Kafin Mu Ba Da Kafin Alƙalami

Akwai dillalan da ke karɓar kuɗi a hannun mutane tun kafin su kawo kaya, suna cewa za su samo musu mutum-mutumin yumɓu na da, irin wanda ake tonowa a ƙasar Katsina, Sakkwato da Nok. Wai ba su da yawa, kuma Turawa za su saya da tsada.

Mu da muke Zango, a bakin iyakar Nijar, ya kamata mu san doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi, sai ga wanda hukumar gidajen tarihi ta ba izini. Idan kayan na gaskiya ne, mai saye ya shiga laifi. Idan na jabu ne, waɗanda ake birnewa a ƙasa don su yi kamar sun tsufa, kuɗinsa ya tafi, kuma ba inda zai kai ƙara.

Ko gwamnatin Faransa, da ta sayi irin waɗannan, sai da ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne.

Sabon aikin masassaƙi kuwa halal ne. Amma a rubuta farashi da ranar karɓa a gaban shaidu.