Tumbi ba alamar hutu ba ne

A wajenmu idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zo, amarya kuwa in ba ta yi ƙiba ba a fara zargin ango da rowa. Amma kitsen da ke taruwa cikin ciki, ya lulluɓe hanji da hanta, ɓarna yake yi a ɓoye.

Idan ƙwayoyin kitse suka cika fiye da kima, wasu sukan mutu, sai dakarun garkuwar jiki su yi musu caa, suna zuba sinadaran kumburi cikin jini. Wannan kumburin ba irin na maruru ba ne, babu zafi babu zazzaɓi. Kamar garwashi yake a ƙarƙashin toka, shekara da shekaru yana ci. Tun 1993 masu bincike a Harvard ta Amurka suka gano ɗaya daga cikin sinadaran, TNF-alpha, ya yi yawa a kitsen ɓeraye masu teɓa, kuma yana dakushe aikin insulin.

Insulin ne ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Idan jiki ya daina jin maganarsa, sai gaɓar da ke samar da shi, wato fankiriyas, ta yi ta ƙara yawansa, har wata rana ta gaji. Daga nan ciwon sukari ya bayyana, sau da yawa da rakiyar hawan jini.

Jiki yakan ba da alama tun da wuri. Fatar bayan wuya ko ta hammata takan yi baƙi, ta yi kauri da laushi. Mutane su ɗauka dauɗa ce, a yi ta dirza da soso da sabulu, ba ta fita. Masu shan "sha ka fashe" don su yi jiki kuwa su sani wasu ƙwayoyin, irin su dexamethasone, da kansu suke tayar da sukari.

Abin yana gyaruwa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyi, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda ke daf da shi.

Ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai cibiya. In ya wuce rabin tsayinka, rage lemon kwalba da shayi mai sukari, ka je asibiti da safe kafin karin kumallo a gwada maka jini.