Al'adar Mujallun Masoya Fim a Kafur da Kewayenta

Duk wanda ya san Kafur ya san ta da noma. Daga Masari zuwa Mahuta, daga Gozaki zuwa Dutsen Kura, zancen da ya fi yawa a bakin jama'a shi ne na taki da farashin masara, da tumatirin rani, da auduga a zamanin da take tashe. Amma daga ƙarshen shekarun 1990 wata al'ada ta samu gindin zama a tsakanin samari da 'yan mata da matan aure na wannan yanki: karanta mujallun da masoya fim da littattafan Hausa ke bugawa, da aika musu wasiƙu, da kwaikwayonsu da hannu a cikin littafin rubutu. Al'ada ce da ba ta da sarki, ba ta da ranar biki, shi ya sa ba a cika lissafa ta cikin al'adunmu ba. Sai dai ta sa wa ɗimbin mutanen karkara son karatun Hausa, kuma ta ba su wurin da za su faɗi ra'ayinsu a ji.

Tushen abin

Mujallun ba daga sama suka faɗo ba. Tun a shekarun 1980 matasan marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, saboda manyan kamfanonin ɗab'i sun fi karkata ga littattafan makaranta. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba suka yi fice a ƙungiyar Raina Kama ta Kano. A 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mabuɗin harkar bidiyon Hausa. Kafin shekara goma ta cika, kaset ya shiga ƙauye, 'yan wasa sun zama sanannu, masu kallo kuma suna son su san su waye waɗannan mutanen idan an kashe kyamara.

Wannan ƙishirwar ce ta haifi mujallun. A 1998 marubuci Sunusi Shehu Daneji ya fara buga Tauraruwa a Kano, yana bin salon mujallar Stardust ta Indiya wadda masu kallon finafinan Indiya suka daɗe da sani. A cikin Tauraruwa ne sunan Kannywood ya fara bayyana a 1999, shekara uku kafin wata jaridar Amurka ta raɗa wa masana'antar Legas suna Nollywood. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fito da mujallar Fim daga Kaduna. Bayansu sai ga Mumtaz da Bidiyo da Garkuwa da Annashuwa da Shirin Fim da wasu. Ban da 'yan kaɗan da suka goge a aikin jarida, yawancin masu yin su marubutan littattafai ne da ɗalibai da 'yan kallo da sha'awa ta ja. Mutum ɗaya shi ne edita, shi ne wakili, shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne kuma zai ɗauki ƙunshin zuwa Bata ko Ƙofar Wambai a Kano ya raba wa dillalai. Idan kuɗin fitowar farko ba su dawo ba, ta biyu ba za ta fito ba. Haka da yawa suka mutu tun suna jarirai. Fim ce ta yi tsawon rai.

Kudancin Katsina yana da hannu dumu-dumu a cikin wannan tarihi. Ibrahim Sheme ɗan ƙaramar hukumar Faskari ne. Farfesa Ibrahim Malumfashi shi ne ya kira waɗancan littattafai na matasan marubuta da adabin kasuwar Kano, kuma shi da Farfesa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka yi doguwar muhawara a kansu a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, shafin da Sheme ke kula da shi. Shekarar da aka fara Fim kuma ita ce shekarar da Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtua, ya rasu. Daga baya Sheme da abokan aikinsa suka rubuta tarihin rayuwarsa.

Irin wannan aiki na masu sha'awa ba mu kaɗai muka yi shi ba. A Amurka masu son labaran ƙirƙirar kimiyya sun fara buga tasu mujallar, The Comet, a Chikago a 1930. A Ingila wani matashi mai suna Mark Perry ya haɗa Sniffin' Glue a 1976 da keken rubutu da alƙalami da injin fotokofi don masoya wani salon kiɗa, sannan magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo suka biyo sahu a shekarun 1980. Ko'ina dalilin ɗaya ne: manyan jaridu sun raina abin da matasa ke so, sai matasan suka ɗauki alƙalami da kansu.

Yadda mujalla ke isowa

A wancan zamani ba a buga mujallun a Kafur, zuwa suke yi. Ta Kaduna takan biyo hanyar Zariya ta sauka Funtua, ta Kano kuma ta biyo Gwarzo da Dayi ta sauka Malumfashi. Direban motar haya ne ke miƙa ƙunshin ga mai sayar da jarida ko mai shagon kaset a bakin tasha. Daga nan sai ta shiga ƙauyuka a aljihun ɗan acaɓa, ko a jakar ɗalibi, ko a hannun wanda ya kai masara kasuwa ya dawo da ɗan canji.

Sayenta ma yana bin kalandar noma. Da damina, lokacin da kuɗi suka tafi ga taki da 'yan ƙwadago, ba kowa ke iya saye ba, sai abokai su yi karo-karo a sayi guda. Da kaka kuwa, an sayar da amfani, aljihu ya yi nauyi, har tsofaffin fitowa ake nema a cike gurbi. Mai shagon hayar kaset da littattafai yakan ajiye kwafi ɗaya don haya. Yakan lulluɓe bangon da leda, ya rubuta sunan shagonsa a ciki, ya kuma ajiye littafin da yake rubuta wanda ya ɗauka da ranar da zai dawo da ita.

Kwafi ɗaya yakan zaga unguwa guda, kuma zagayen yana da ladubbansa. Wanda ya saya shi ke fara karantawa, sai amininsa, sai na gaba. Ba a yage shafi, ba a cire hoton tsakiya sai da izinin mai ita, kuma wanda aka ara wa ba ya ara wa wani ba tare da ya faɗa ba. Wanda ya karya wannan ƙa'ida yakan ga an tsallake shi a wata mai zuwa. Duk da haka, kafin ta dawo hannun mai ita, za ka tarar gefunan sun naɗe, ga ɗigon manja, ga ƙurar gona, wani ma ya rubuta ra'ayinsa da biro a gefen hira.

A majalisar samari, bayan isha'i, kusa da teburin mai shayi, akwai wanda aka sani da iya karatu. Shi zai riƙe mujallar a hasken fitila ya riƙa karantawa da ƙarfi, yana sauya murya idan ya zo kan tambaya da amsa. Waɗanda ba su yi boko ba suna zaune suna saurare, kuma su ne suka fi zafin gardama. Wani ya ce a cikin 'yan wasa Ali Nuhu ya fi, wani ya ce Ahmed S. Nuhu, wani ya ce shi dai a bar shi da Ibro. Da an gama shafi sai a tsaya a yi sharhi, shayi ya huce a kofi ba a sani ba.

A cikin gida kuma tsarin daban ne. Matar aure ba ta zuwa shago, sai ta aiki yaro: "Je ka ce wa Malam ina gaishe shi, in sabuwa ta zo ya ba ka, ga ta jiya nan na dawo da ita." Da hantsi, an gama aikin safe, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Wadda ta yi makaranta ta karanta, sauran suna tsinar wake ko saƙar hula suna ji. Ƙanwa takan matso ta ce, "Yaya, don Allah in kin gama ki bar mani in ga hotunan." A nan ake duba ɗaurin ɗankwali da ɗinkin Fati Muhammad ko na Hauwa Ali Dodo, a kai wa tela shafin a ce irin wannan ake so. Yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata aure takan riƙe karatunta ta wannan hanya, har ta koya wa kishiya ko ƙanwar miji haɗa baƙi.

Wasiƙu da gaisuwa

Shafin da ya fi kowane daraja a karkara shi ne na wasiƙu. Mutanen wannan yanki sun riga sun saba da aika katin zaɓi-sonka zuwa Rediyon Kaduna, suna da ƙungiyoyin masu saurare da laƙabobinsu. Da mujallu suka zo sai al'adar ta koma takarda. Saurayi zai yago takardar tsakiyar littafi, ya fara da sallama da gaisuwa ga edita, ya yaba, ya yi gyara, ya tambayi dalilin da ya sa wance ta daina fitowa a fim, ya rufe da jerin sunayen abokan da yake gaisarwa. Sai ya ba mai zuwa Malumfashi ko Funtua ya jefa a gidan waya. Ranar da wasiƙar ta fito da sunansa da na ƙauyensu a ƙasa, wannan kwafin ya daina zagaye. Cikin akwati zai shiga, tare da takardun makaranta.

Ta wannan shafi aka ƙulla abota tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, daga Kafur zuwa Gusau, zuwa Maraɗi, zuwa zangon Kumasi. Wasiƙun kuma ba yabo zalla ba ne. Masu karatu sun yi ta sukar yawan rawa da waƙa, da kwaikwayon Indiya, da shigar da suke ganin ba ta dace ba, kuma 'yan fim suna karantawa.

Mujallar hannu

Wanda ya daɗe yana karantawa, wata rana zai so ya yi tasa. A nan ne al'adar ta kai maƙura. Yaro ko yarinya za su sami sabon littafin rubutu, su ja layi su raba shafi gida biyu kamar na jarida, su raɗa masa suna, su ƙawata bangon da biro ja da shuɗi. Hotuna daga tsofaffin mujallu da kwalin kaset ake yankowa da reza, a manna da ƙaro ko ɗan koko. A ciki akwai taƙaitaccen labarin fim ɗin da aka kalla, da jerin gwanaye, da kacici-kacici, da gajeren labari mai ci gaba wanda ake yankewa daidai inda ya yi daɗi. A ƙarshe akan bar shafuka farare don duk wanda ya karanta ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu.

A makarantun sakandare, musamman na kwana, ƙungiyar 'yan jarida ta ɗalibai kan manna nata rubutun a allon sanarwa, a taru a kai ana leƙe ta kafaɗar juna. Inda aka yi dace da malami mai sha'awa, akan buga a keken rubutu a gurza kwafi da yawa. Da shagunan kwamfuta da fotokofi suka yawaita a Funtua da Malumfashi, sai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da na marubuta suka samu sauƙin buga 'yan shafuka su ɗinke da ƙusar takarda. Ba riba ake nema ba. Burin mai yi shi ne a karanta a ce ya iya.

Iyaye da malamai ba duka suka yi na'am ba. Wasu na ganin mujallun na ɗauke hankalin yara daga karatu da gona, kuma suna yaɗa tsegumi. Ƙorafin yana da tushe, domin akwai mujallun da suka riƙa buga jita-jita a kan mutuncin mutane don su sayu. Zamanin ne kuma Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Saboda ƙorafin iyaye da malamai, yarinya takan ɓoye tata a ƙarƙashin katifa, saurayi ya naɗe tasa a aljihun 'yar shara idan zai wuce ƙofar gidan liman.

Abin da ya rage

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya intanet ya biyo ta cikin aljihu. Labarin da a da ake jira wata guda, yanzu kafin la'asar ya zaga Facebook da WhatsApp. Kuɗin takarda ya tashi, shagunan hayar kaset suka koma wuraren cajin waya da tura finafinai. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 da nata shirye-shiryen a kan 'yan fim. Mujallar Fim kanta ta buɗe shafi a intanet. Sha'awar ba ta mutu ba: 'yan matan da ke rubuta labari kashi-kashi suna turawa a waya magadan masu littafin rubutu ne. Abin da aka rasa shi ne taruwa a kan kwafi ɗaya, inda mai boko ke karanta wa wanda bai yi ba.

Akwai kuma asarar da za a iya tarewa. Hirarrakin 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya, irin su Ahmed S. Nuhu da Hauwa Ali Dodo da Rabilu Musa Ibro, da ra'ayoyin talakawa a kan tarbiyya da aure da nishaɗi a wancan zamani, da yawansu a waɗannan shafuka kaɗai suke. Masu bincike a yau suna neman tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a 1939, kamar zinariya. Haka za a nemi Tauraruwa da Mumtaz da mujallun hannu nan gaba. Suna nan a akwatuna da ƙasan gado a Kafur da ƙauyukanta, gara da damshin damina suna cin su, wasu kuma ana ƙunshe ƙosai da su. Wanda yake da su ya fito da su ya kakkaɓe, ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, ya sanya su a leda. Ya kamata ɗakunan karatu na yankin, da sassan Hausa na jami'o'in Katsina da Zariya da Kano, da Gidan Arewa na Kaduna su nemi masu su, su karɓa ko su kwafa, tun masu su na raye suna iya faɗin wanda ya rubuta da shekarar da aka yi.