Sifili Ne Ko Babu Labari? Matsalar Allon Bayanai Idan Ya Fito Wayam

Manyan kamfanoni da bankuna a yau ba sa jiran ƙarshen wata kafin a kawo musu rahoto a takarda. Suna amfani da abin da za mu kira allon bayanai, wato fuskar kwamfuta wadda take tattara alkaluman ciniki ta nuna su cikin zane-zane da jadawaloli. Power BI da Tableau da Qlik suna cikin manhajojin da aka fi yin wannan aiki da su. A gefen allon akwai rariya: ma'aikaci ya zaɓi jiha, ya zaɓi wata, ya zaɓi irin kaya, sai kwamfuta ta tankaɗe duk abin da ke rumbunta, ta fito da wanda ya dace da zaɓin kawai. To, yaya ke nan idan aka tankaɗe amma ko ƙwayar gari ba ta sauka a faifai ba?

Wannan yana faruwa fiye da yadda mai karatu zai zata. A ɗauki kamfanin da yake sayar da kaya iri 50 a jihohi 36 da Abuja cikin watanni 12. Idan aka ninka 37 sau 12 sau 50, za a sami haɗi 22,200 da mutum zai iya zaɓa. Da wuya a ce kowane ɗaya daga cikinsu yana da ciniki a rubuce.

Amma fa rashin sakamako ba iri ɗaya ba ne, kuma nan gizo yake saƙar. Wani lokaci an buɗe shago, an zauna, ba a sayar da komai ba. Wannan sifili ne na gaskiya. Wani lokaci kuwa an yi ciniki sosai, sai dai reshen bai aiko da rahotonsa ba, ko wuta ta ɗauke kafin a shigar da alkaluman. Akwai kuma zaɓin da tun asali ba zai yiwu ba. Wanda ya nemi cinikin Jihar Zamfara na shekarar 1990 ba zai sami komai ba, domin sai a 1996 aka cire ta daga Sakkwato, kamar yadda aka cire Jigawa daga Kano a 1991. A fuskar kwamfuta dukkansu fili ne fari fat, alhali kuwa matakin da shugaban kamfani zai ɗauka a kan kowanne daban ne.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Edgar Codd, masanin kamfanin IBM wanda a 1970 ya fito da tsarin ajiye bayanai cikin jadawaloli masu dangantaka, ya nace cewa lalle a sami alama ta musamman mai nuna “ba a sani ba”, wadda ba sifili ba. A harshen SQL, wanda ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, sunan wannan alama NULL. Idan rariya ba ta bar ko layi ɗaya ba, aka ce wa SQL ya ƙirga layuka, zai ce 0. Idan kuwa aka ce ya tara kuɗin da ke cikinsu, sai ya ce NULL. Matsakaici ya fi wuya, domin ana samunsa ne ta raba jimla da adadi, a nan kuwa sifili za a raba da sifili. Masanin lissafin Indiya, Brahmagupta, ya rubuta a shekarar 628 cewa amsar sifili ce, amma lissafin zamani bai yarda ba: kowace lamba aka ninka da sifili, sifili za ta bayar, saboda haka babu amsa guda da za a tsaya a kanta. Shi ya sa Excel yake nuna #DIV/0! a irin wannan hali.

Ga illar cike gurbi da sifili. A ce wani shago ya sayar da buhu 100 a Janairu, 120 a Fabrairu, 140 a Afrilu, rahoton Maris kuwa ya ɓata. Idan aka bar Maris a gefe, matsakaici 360 raba 3 ne, wato 120. Idan aka rubuta masa sifili, sai ya zama 360 raba 4, wato 90. Kashi ɗaya cikin huɗu ya salwanta a kan takarda, kuma a kan irin wannan ana iya rage wa shago kaya, ko ma a sallami mai tsaronsa.

Masu tsara allo suna da dabaru biyu na hana mutum faɗawa ramin. Ta farko ita ce rariya ta riƙa bin 'yar'uwarta: da zarar an zaɓi jiha, sai a ɓoye duk kayan da ba su da ciniki a cikinta. Ta biyu ita ce a bar su a jere amma a dusashe launinsu, kamar yadda Qlik yake yi, inda abin da aka zaɓa kore ne, mai yiwuwa fari, wanda ba shi da bayani kuwa toka-toka. A ganina ta biyu ta fi, domin reshen da aka ɓoye sunansa babu mai tunawa ya tambayi lafiyarsa.

Idan kuma duk da haka allo ya fito wayam, to ya yi magana da harshen mutane. Ya ce babu bayanin da ya dace da wannan zaɓi, ya lissafa rariyoyin da ke aiki, domin sau da yawa wadda aka manta da ita tun jiya ce ta toshe hanya, sa'an nan ya nuna ranar da aka shigar da alkaluma na ƙarshe. Abin da ya fi muni shi ne allon da zai bar tsohon zane a tsaye, mutum yana kallon cinikin Katsina yana zaton na Zamfara ne.

Malamai za su iya gwada wannan a aji ba tare da kwamfuta ba. A ɗauko rajistar jarrabawa, a ware ɗalibin da ya zauna ya ci sifili da wanda rashin lafiya ta hana shi zuwa, sa'an nan a sa ɗalibai su fitar da matsakaicin ajin ta hanyoyin biyu su kwatanta.