Gansakuka Da Asirinta: Abin Da Kwamfuta Ta Bankaɗo

Duk wanda ya bi ta Kubwa da damina zai ga kududdufai da magudanan ruwa sun yi kore shar da gansakuka, kuma ba mai kallonta sai da ƙyama. Amma masanan kimiyya a Amurka da Ingila sun shafe shekaru suna binciken danginta ƙanana, don suna da wata dabara wadda shinkafa da alkama da wake ba su da ita.

Kowane tsiro yana haɗa abincinsa ne daga iskar kabon, ta hanyar wani furotin mai suna Rubisko. To, Rubisko ma'aikaci ne mai nawa, ga kuskure: sau da yawa yakan cafki iskar oksijin maimakon kabon, sai tsiron ya yi asarar ƙarfi wajen gyara ɓarnar. Zafi na ƙara wannan asara, abin da ya shafe mu ƙwarai. Dawa da gero da masara sun sami mafita, domin suna tara kabon kusa da Rubisko. Shinkafa da alkama kuwa ba su iya ba.

Ita gansakuka a ruwa take, inda iskar kabon ke tafiya a hankali, ninki 10,000 ƙasa da yadda take yi a sarari. Saboda haka sai ta dunƙule Rubisko wuri guda, watau firenoid, tana ɗura masa kabon. An ƙiyasta cewa kusan sulusin kabon da halittu ke kamawa a duniya ta nan yake bi.

A 2016 ƙungiyar Martin Jonikas da Luke Mackinder ta gano abin da ke ɗaure wannan dunƙule a cikin gansakukar Chlamydomonas, wani furotin da suka kira EPYC1. Da aka zuba jerin sassansa cikin kwamfuta, sai aka ga ba shi da tsayayyiyar siffa, igiya ce kawai mai maimaita kanta, kowane ƙulli yana riƙe Rubisko. Daga nan aka sa na'urar ta tace dubban furotin na wasu gansakuka don neman masu irin wannan hali. Aikin da da zai ci shekaru a ɗakin gwaji ke nan.

A 2020 masana a Jami'ar Edinbura sun sa EPYC1 cikin ɗan tsiron gwaji Arabidopsis, Rubisko kuwa ya dunƙule a ganyensa. Sai dai dunƙulewa kaɗai ba ta isa ba. Lissafin kwamfuta da aka yi a Jami'ar Firinston a 2022 ya nuna sai an haɗa da hanyar kai kabon ciki, da kuma katangar da za ta hana shi zurarewa. Wannan ne aikin da ya rage kafin dabarar ta iso gonakin alkama na Kadawa.